Tabarmar Ladidi

Kubra ba ta ma shafa tabarmar ba. Tun kafin ta buɗe ido zarni ya riga ya gaya mata.

Ta miƙe a hankali ta naɗe ta, da niyyar zagayawa bayan ɗaki ta shanya kafin gida ya farka. Ladidi, ƴar shekara shida, tana raɓe a lungu, ta cusa kai tsakanin gwiwoyi. Kubra ta dube ta, ta kau da kai. Ɗiyarta ce ta fari. Tun ran suna ba ta taɓa kama sunanta ba, ba ta taɓa rungumarta a gaban mutane ba. Ita ma yarinyar Yaya take ce mata.

Tana ɗaga labule ta yi kiciɓis da Inna Ajuma zaune kan turmi, daidai ƙofar ɗakin.

"Kawo ta nan."

"Inna, an tashi lahiya?"

"Lahiyar ke nan a hammatarki. Kawo."

Inna Ajuma uwar marigayi Abdu ce, mijin Kubra, wanda aka kwashe aikin tilas na hanyar Dosso aka dawo da rigarsa kaɗai. Bayan takaba Kubra ta koma gidan yayanta Habu a Dogon Dutsi. Sai da ta yi shekara tana sintiri Kiyeshe, ƙauyen mijinta, tana roƙo kafin tsohuwar ta yarda ta ba ta Ladidi. Yau wata uku ke nan. Da labarin fitsarin kwance ya isa ƙauye, Inna ta ɗauro ƙunshinta ta sauka, kwananta goma a gidan.

Tsohuwar ta warware tabarmar a ƙasa, ta nuna taswirar da tsinin sandarta.

"Shekara biyar ɗiyar ga na kwana bayana, ko ɗigo ban taɓa gani ba. Na hana a ba ta ruwa daga azahar. Na hana kunu, na hana hura, sai gasasshen gero da ƙuli-ƙuli. To ruwan ga daga ina yake hitowa?"

Kubra ta sunkuyar da kai.

"Ki tuna da kanki. Yaushe baƙon ga mai wandon kaki ya fara jingine kekensa a ƙofar gidan ga?"

Tambayar da Kubra take gudu ke nan, don ta riga ta yi wa kanta ita ba sau ɗaya ba. Sati biyu da zuwan Ladidi Mahmuda ya fara zuwa zance. Ba a yi kwana goma ba tabarma ta fara jiƙewa.

Habu ya fito daga ɗakinsa yana saɓa riga.

"Na gaya mata, Inna. Mutumin da ba mu san ubansa ba, ba mu san garkarsu ba, kullum hannunsa cikin kwalaben Nasara. Ga Garba, ƙanen mijinta, jakunansa shida, duk Juma'a sai ya taka gidan ga. Mi ya rasa?"

"In ta auri Garba," in ji Inna, "ɗiya na gidan ubanta, ita ma tana gidan. Magana ta ƙare." Ta juyo. "Yau Asabar. Juma'a mai zuwa in tabarmar ga ba ta bushe ba, za a ɗaura mata kwaɗo a ƙugu, a aza mata tabarmar a ka, yara su zagaya unguwa da ita suna yi mata ature. Haka aka yi ma ubanni. Daga nan in tahi da abata. In ta kama in kai ta garin Lugu a tambayi masu tsafi, sai in kai."

"Inna, don Allah..."

"Ke har kina da bakin roƙo kan ɗiyar fari? Ina kunya ta tahi?"

Kubra ta haɗiye sauran maganar. Daga cikin ɗaki ta ji numfashin yarinyar yana sarƙewa.

*

Da la'asar Inna ta fita gaisuwar mutuwa. Ba a jima ba ƙararrawar keke ta kaɗa a ƙofa.

Mahmuda ma'aikaci ne a gidan likita, shi yake yin allura da ɗaurin miki a ƙarƙashin lokotoro, babban likitan Faransi. Mutumin Gaya ne, mai sanyin magana. Shi ya wanke wa Kubra yatsa lokacin da ƙaya ta yi mata ɗan kakkare, kuma tun daga ranar ba ta sake jin zuciyarta tata ce ita kaɗai ba.

Yau ta fito zaure ba ko ƙoƙon ruwa a hannunta. Ya lura.

"Kubra, an yi mutuwa ne?"

"Ba a yi ba."

Ya zaro ƙullin dabino daga aljihu. "Ga na ƙawata. Ina take?"

Ba ta karɓa ba. Ta tsura wa ƙullin ido.

"Malam Mahmuda, tsakaninka da Allah, mi kake sa mata a ciki?"

Hannunsa ya tsaya a iska.

"Mi kika ce?"

"Tun da ka fara zuwa gidan ga yarinyar nan ba ta kwana a bushe ba. Kullum dabino, kullum alewa." Hawaye suka ɓalle mata. "In so kake a raba ni da ita don ka same ni ba kaya, ka faɗa mini. Na san maza ba su son agola. Amma ka sani, ran da aka ɗauke ta, gawa za ka aura."

Ya kwance ƙullin, ya jefa dabino ɗaya a baki, ya tauna, ya haɗiye, ya tofar da ƙwallon.

"Wata biyu ana fama, kuma sai yau nake ji?"

"Abin kunya ne."

"Ni ne kika ji wa kunya, amma ba ki ji kunyar zargina ba." Ya ja numfashi. "Bari wannan. Zan yi miki tambaya ɗaya. Yaushe rabonta da bayan gida?"

Kubra ta ja da baya har bayanta ya bugi bango. Mai neman sawun ƙafa, mai neman gashin kai, mai tambayar bayan gidan yaro, ai duk sana'arsu ɗaya. Haka ta taso tana ji.

"Mi za ka yi da shi?"

"Subhanallahi. Kubra! Ba cewa na yi ki kawo mini ba. Cewa na yi yaushe."

Ba ta sani ba. A Kiyeshe Inna ke raka yarinyar. A nan kuwa wa zai ga uwa tana bin ɗiyar fari da buta?

"Ban sani ba," ta ce a hankali.

"To zauna ki ji. Kin taɓa ganin an ɗaura salkar ruwa a kan jaki, aka danne ta da taikin gero?"

"Na gani."

"Mi yake faruwa?"

"Ruwan ya tsiyaye ta baki."

"Haka cikin yaro yake. Mafitsara da hanji maƙwabta ne, bango ɗaya. In bayan gida ya taru ya bushe, sai ya danne mafitsara. Da rana yaro ya matse. Da ya yi barci, sai ta saki. Ba kowane fitsarin kwance ne haka ba, amma na ga irinsa da yawa. Mi kuke ba ta?"

Da ta gaya masa zancen hana ruwa da gasasshen gero, sai ya dafe kai.

"Kuna kashe gobara da kara. Shiga ki kwantar da ita, ki taɓa ƙasan cibiyarta ta hagu. Ina nan. In na yi ƙarya, ki fito ki kore ni."

Ta shiga tana waiwaye. Ko so yake ta bar shi shi kaɗai a ƙofa, ya binne wani abu?

Ladidi tana bayan rumbu tana tsotsar leɓe, ya bushe ya tsage. Kubra ta ja ta ɗaki, ta saki labule, ta kwantar da ita. Yarinyar ta zuba mata ido da mamaki.

Cikin ya yi tauri kamar ganga. A ƙasan cibiya yatsunta suka ci karo da wani abu mai ƙulli-ƙulli, kamar an jera goriba.

"Wayyo, Yaya!"

"Ke, kwana nawa ba ki shiga masai ba?"

Ladidi ta rufe ido.

"Ba dukanki zan yi ba. Faɗa mini."

"Ba ni shiga."

"Tun yaushe?"

"Tuntuni. In ya matsa mini sai in yi ɗan kaɗan bayan rumbu, kamar na akuya, in rufe. Da zafi."

A Kiyeshe babu masai, daji ake zuwa. A gari kuwa masu duba-gari sun hana, kowane gida sai da rami. Kubra ta ɗauka baƙuntar ramin ce.

"Tsoron faɗawa kike?"

Ladidi ta girgiza kai. Ta leƙa ƙofa, ta matso bakinta kunnen uwarta.

"Doguwa na ciki."

"Wa ya gaya miki?"

"Baba Garba. Ya ce tana jiran ɗiyar da uwarta ta so baƙo. In na tsuguna za ta miƙo hannu ta ja ni. Ya ce in yi ta kuka in mai keke ya zo, ita kuwa sai ta ƙyale ni. Amma ni ban iya kukan ba, yana ba ni dabino." Ta ƙanƙame zanen uwarta. "Ya ce in na faɗa ma wani, ko bisa tabarma sai ta biyo ni."

Kubra ta zauna daɓas. Ashe gaskiyar Inna, kwanakin sun yi daidai. Da baƙo ya fara zuwa, sai wani ya fara aikinsa.

Ba ta san lokacin da ta rungume yarinyar ba. Ta ɗebo ruwa cikin randa, cike da moɗa, ta riƙe mata har ta shanye.

Da ta koma zaure idanunta sun yi ja. Ba ta ambaci Garba ba. Ta ce kawai, "Dutse ne a cikin."

"To ji. Ba zan ba ta komai daga hannuna ba, ko ƙwaya ɗaya, kada a ce. Tsamiya ta gidanku, ki jiƙa ki ba ta da safe. Miyar kuka, zogale, rama. Ruwa ta sha ta ƙoshi da rana, sai gab da kwanciya ki rage. Kullum bayan ta karya ki kai ta inda ba ta tsoro, ta tsuguna, kada ki gaggauta ta. Kuma ba na ce miki zuwa Juma'a ta warke ba. Wani sati, wani sai wata biyu."

"Kwana shida gare ni."

Ya sunkuyar da kai. "Ni kuwa zan janye ƙafata har ƙura ta lafa."

"A'a." Ta share fuska da gefen zane. "In ka daina zuwa ta warke, sun ce da ma kai ne. Ka zo kullum. Ka jingine kekenka inda kowa zai gani, ka kaɗa ƙararrawar da ƙarfi."

Ya dube ta, murmushi ya ƙwace masa. "Ɗazu ni maye ne."

"Har yanzu ban gama wanke ka ba. Sai na ga tabarma."

*

Lahadi tabarma ta jiƙe. Litinin ma haka.

Kullum da hantsi Kubra takan ɗauki igiya ta ce za su itace, ta ja Ladidi su wuce bayan dutse, buta ɓoye cikin ƙwarya. Ruwan tsamiya a ɗaki take ba ta, labule a sake. Ranar Litinin ɗin da ta ga taswirar ta fi ta kullum faɗi, sai zuciyarta ta sake juyawa. In fa dabara ce Mahmuda ya yi mata, ta ɗura wa yarinya ruwa da hannunta don Juma'a ta same su a jiƙe? Da ya zo da la'asar, da ƙyar ta amsa gaisuwarsa.

Inna Ajuma kuwa ido kawai ta sa.

"Itacen ga naku bai ƙarewa? Kuma miyar kuka kwana uku jere, fari aka yi a garin?"

"Ita ta samu, Inna."

Talata a bayan dutse Ladidi ta yi kuka, ta riƙe hannun uwarta har farce ya shiga. Kubra ta tsuguna gabanta tana lallashi, tana ba ta labarin gizo, har abin ya zo. Da suka taso, yarinyar ta shafa cikinta ta ce, "Yaya, na yi sakayau." A hanya har da tsalle.

Laraba ɗan tafin hannu ne ya jiƙe. Alhamis Kubra ta shafa tabarmar sau uku, ta kai hanci, ta sake shafawa. Ƙamas.

Inna ta juya ta gaba da baya.

"Kin sauya."

"Wallahi Inna..."

"Bar rantsuwa. Yau bayana za ta kwana, bisa tabarmata."

*

Juma'a, ranar kasuwar Dogon Dutsi, tun da sassafe yaran unguwa suka cika ƙofar gida da gwangwanaye da tsumagu. An kamo kwaɗon tun jiya a bakin tabki, yana cikin ƙwarya an rufe da faifai, ana jin motsinsa. Garba ya iso da jakunansa, ya zauna kusa da Habu yana ɓare goro.

"Amarya ba ta laifi," ya ce da Kubra yana dariya. "Yau dai a gama wahalar ga, ku koma gida ku duka."

Ba ta ko dube shi ba.

Inna ta fito da tabarma a hannu, Ladidi na maƙale da zanenta. Ta shimfiɗa a tsakar gida. Habu ya miƙa wuya.

"A bushe take," in ji Inna, kamar an matse maganar daga bakinta.

Kubra ta ɗaga hannu ta yi hamdala.

"Dare biyu ai ba warkewa ba ne," in ji Garba da sauri. "Mai ƙulli ya ga Juma'a ta matso, ya sassauta. Bari mu juya baya ki gani. Inna, ki ɗauki jikarki tun ido na ganin ido."

Tsohuwar ta dubi ƙwaryar, ta dubi yarinyar, ta gyaɗa kai a hankali.

"Akwai gaskiya nan. Kwaɗo dai an fasa. Amma ɗauko mata zanenta, mu tahi."

Kubra ta tako gaba, ta ɗaga murya.

"Ladidi."

Goro ya tsaya a bakin Habu. Matan da ke leƙe ta katanga suka kama haɓa. Ita kanta yarinyar sai da ta waiwaya, ko da wata ake.

"Ladidi, ɗiyata, taho nan."

"La'ilaha!" in ji Inna. "Gabana?"

"Gabanki, Inna, ki gafarce ni. Kunyar ga ce ta hana ni sanin ɗiyata na kwana biyar ba ta zagaya ba. Cikinta ya cushe, shi ke danne mata mara. Ruwan da munka hana ta, shi ya ƙara. Na ba ta ruwa a ɓoye, na ba ta tsamiya, na kai ta daji. Baƙon kuwa kullum yana ƙofa, kin ji ƙararrawarsa da kunnenki." Ta durƙusa ta riƙe kafaɗun yarinyar. "Gaya ma Kaka abin da ya hana ki shiga masai. Ina riƙe da ke. Ba abin da ke taɓa ki."

Ladidi ta dubi Garba, ta ɓoye fuska a wuyan uwarta. Daga nan muryarta ta fito, siririya, amma kowa ya ji. Doguwa. Hannu. Uwar da ta so baƙo. Baba Garba.

Inna Ajuma ta juya gaba ɗaya.

"Garba."

"Wasa nika mata, Inna. Wa bai tsorata yaro ba?"

"Da sunan Doguwa kake wasa? Kan ɗiyar ɗan'uwanka da ke cikin ƙasa?" Ta nuna shi da sandar. "Ka bar ni na hana marainiya ruwa kwana goma sha shida, tana kallon randa. Ka bar ni na sa a kamo kwaɗo."

Ta sa tsinin sanda ta ture faifan. Kwaɗon ya yi tsalle ɗaya, biyu, ya shige ƙarƙashin rumbu. Yaran ƙofa suka watse suna guna-guni.

Inna ta daɗe tana kallon uwa da ɗiya.

"Ta zauna hannunki," ta ce. "Zancen Garba kuwa na janye bakina. Ki auri wanda kika ga dama. Amma ki ji da kyau. Muddin kina garin ga, inda ƙafata ka iya kawo ni ran kasuwa in gan ta. Ran da kinka ƙetare da ita wani gari, na karɓe abata, ko gaban alƙali."

"Na yarda, Inna! Ina za ni?"

Ƙararrawar keke ta kaɗa a ƙofa. Da hantsi, ba lokacinsa ba.

Kubra ta fita zaure kusan da gudu, Ladidi na riƙe da yatsanta.

"Ta bushe! An bar mini ita! Inna ta ce..."

Sai ta ga fuskar Mahmuda. A hannunsa akwai takarda mai jan hatimi.

"Alhamdu lillahi," ya ce, ya shafa kan yarinyar. "Kubra, yanzu aka miƙo mini wannan daga ofishin kumandan, Baturen mulki. An maishe ni Tibiri. Tsayuwar wata zan kama aiki."

Tibiri. Tafiyar kwana biyu ga tsohuwa mai sanda.

Garba ya fito ta gefensu yana jan jakinsa. Ya dubi takardar, bai tambayi ko ta mece ce ba.

"Allah shi kiyaye hanya, malam likita," ya ce.

Kubra ta bi shi da kallo. Sai a lokacin ta tuna kajin da Garba yake saukewa gidan tafintan kumandan duk ran kasuwa.

"Za ki bi ni?" in ji Mahmuda a hankali.

Kafin ta buɗe baki, Ladidi ta ja yatsanta.

"Yaya, ina jin zagayawa. Masai za ni. Amma ki tsaya mini a ƙofa, ki riƙa kiran sunana."

Kubra ta dubi takardar. Ta dubi ɗan hannun da ke cikin nata. Hawaye na zuba, ta sunkuya ta ɗauki butar da ke bakin zaure.

"Mu je, Ladidi."